Gari ma abin karatu ne

A damanar 2020 kogin Isa ya cika ya batse, ya karya madatsar Lamorde, ruwa ya kwana cikin ɗakunan jama'a a Harobanda. A watan Satumba na 2024 kuma, tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram, ginin ƙasa na ƙarni na 19, ya rushe bayan mamakon ruwan sama. Mun yi wa juna jaje, mun tara gudummawa. Amma ƴan'uwa, akwai tambayar da ba mu cika yi ba: a cikin ƴaƴanmu, wa ya karanci sha'anin gari?

A 1960 mutanen Yamai ba su wuce dubu 30 da ƴan kai ba. Ƙidayar 2012 ta same su sun haura miliyan ɗaya. Baƙon da ya zo daga ƙauye yakan nemi fili inda ya fi araha, sau da yawa kuwa a bakin ƙorama ne, kan hanyar ruwa. Ruwa kuma ba ya mance hanyarsa.

Mu ɗauki magudana guda da ta toshe a unguwa. Masanin labarin ƙasa ne zai faɗi inda ruwan yake gangarowa. Injiniya zai auna faɗin da ya kamace ta. Masanin shari'a zai binciki wanda ya sayar da filin da ya tare ta. Likita zai ƙirga masu zazzaɓin cizon sauro a kewayenta. Masanin zamantakewa zai tambayi matan gida dalilin zuba shara a ciki, masanin tattalin arziki ya lissafa ko harajin kasuwa zai isa gyara. Kowa ya riƙe gefe ɗaya. Ana bukatar wanda zai haɗa su, ya ji harshen kowa.

Don horar da irin wannan mutum ne aka kafa makarantar EAMAU a Lome, ƙasar Togo, tun shekarun 1970. Ƙasashe 14 suka haɗu a kanta, har da Nijar, Kamaru, Cadi da Benin. Ana koyar da zanen gine-gine, tsara birane da tafiyar da mulkinsu, ana kuwa shiga ta hanyar gasa bayan bakaloriya. A gida ma, sashen labarin ƙasa na Jami'ar Abdu Mumuni yana nazarin birane.

Iyaye, mun saba yi wa yaro fatan zama likita ko alƙali, ba laifi. Amma idan ɗanku ko ɗiyarku na da kaifin lissafi da son sauraron mutane, ku nuna masa wannan hanya. Wanda ya hana a yanka filaye a kan hanyar ruwa ya kare haƙƙin maƙwabta dubu waɗanda ba su ma san sunansa ba. Allah ya sa mu dace.