Wayar Gida ta Intanet: Abin Dubawa Kafin a Zuba Kuɗi

Ranar 5 ga Mayu, 2025, kamfanin Microsoft ya rufe Skype, manhajar da ya saya a kan dala biliyan 8.5 a shekarar 2011. Tun daga 2003 take aiki, kuma ɗalibai da 'yan ci-rani da yawa da ita suka saba kiran gida da araha. Wayoyin tebur da aka ƙera domin Skype kaɗai kuwa, tun kafin ranar rufewar suka zama kayan ado. Duk mai shirin kafa wayar intanet a gidansa ya fara da wannan labari, domin kamfanonin kira suna zuwa suna wucewa, na'urar da ka saya da kuɗinka ita ce ke zama a hannunka. Ko za ta ci gaba da yi maka amfani bayan kamfanin ya tafi, wannan tun ranar saye ake yanke shi.

Wani zai ce, ina ruwanmu da wannan wahala, ga WhatsApp kyauta? Gaskiya ne, in duka ɓangarorin biyu suna da babbar waya da data. Amma Hajiya da ke ƙauye da 'yar ƙaramar wayarta mai tocila ba ta WhatsApp. Asibiti da banki da ofishin jakadanci ma lamba suke da ita, sai an buga. A wasu ƙasashe, kamar Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, an toshe kiran murya na WhatsApp, sai manhajojin da hukuma ta ba lasisi. Sannan akwai gidan da ke son lamba ɗaya ta iyali, wadda ba ta fita unguwa a aljihun kowa, yaro ko tsoho zai iya ɗauka in ta yi ƙara. Ga kuma ƙaramin shago ko kemis da ke son layin da ba zai tafi da yaron shago ba ranar da ya bar aiki.

Yadda abin yake aiki ba shi da wuyar fahimta. Ana mayar da murya ƙananan ƙunshin bayanai, a tura su ta intanet zuwa kwamfutar kamfanin da ka yi rajista da shi, shi kuma ya miƙa kiran ga layin wanda kake nema, ko MTN ne a Kano ko Airtel a Maraɗi. A ƙasashen da suka daɗe da wayar tangaraho, wannan hanya ce ke maye gurbin tsohuwar. Birtaniya ta sa ƙarshen Janairun 2027 a matsayin lokacin kashe tsohon layinta na jan ƙarfe, don haka 'yan'uwanmu mazauna Landan da Manchesta ba zaɓi ba ne gare su, dole ce. Mu a Najeriya yawancinmu ba mu ma san daɗin wancan layi ba. Kafin zuwan salula a 2001, layukan NITEL masu aiki ba su kai rabin miliyan ba a faɗin ƙasar.

Na'urar da ta fi sauƙin kuɗi ita ce 'yar adaftar da ake rubuta ATA a kwalinta. Girmanta bai wuce tafin hannu ba. Gefe ɗaya ana jona ta da rauta, wato na'urar da ke raba intanet a gida, ɗaya gefen a jona kowace irin tsohuwar wayar tebur. Grandstream HT801 na ɗaukar waya ɗaya, HT802 na ɗaukar biyu, kuma ga gidan da ba wani kira mai yawa ake yi ba, ban ga dalilin wuce wannan ba. Sama da ita akwai wayar da aka ƙera domin intanet tun daga masana'anta, irin su Yealink da Fanvil, mai allo da maɓallan ajiye kira da tura shi zuwa wani ɗaki. Muryarta ta fi fita tas, amma kayan ofis ce, yawancin maɓallanta a gida ƙura kawai za su sha. Gidan da ke da sassa da yawa zai fi jin daɗin marar igiya, wadda ake ajiye gindinta kusa da rauta a riƙa yawo da kan a tsakar gida.

A nan akwai tarko ga masu karɓar tsaraba daga Amurka. Wayoyi marasa igiya na can, masu tambarin DECT 6.0, suna aiki ne a zangon iska na megahaz 1920 zuwa 1930, wanda a Turai da Afirka kamfanonin salula ke amfani da shi. Na Turai suna tsakanin 1880 da 1900, su suka dace da mu. Haka kuma cajar wasu daga cikinsu wutar bolt 120 kawai take ɗauka. A soka ta a soket ɗinmu na 230, sai hayaƙi. A karanta ƙananan rubutun jikin caja, a tabbata an ga 100 zuwa 240.

Tambayar da ta fi kowace muhimmanci a bakin kanta, ko a Farm Centre ta Kano kake ko a Banex ta Abuja ko a shafin sayayya na intanet, ita ce: a buɗe take ko a kulle? Buɗaɗɗiyar na'ura tana jin yaren da ake kira SIP, wanda kusan duk kamfanonin kira ke amfani da shi. Ka shigar da sunan rajista da kalmar sirri da adireshin kamfani, shi ke nan. Gobe in sun ɓata maka rai, ka goge ka sa na wani. Kullalliya kuwa da mai gidanta kaɗai take magana. Akwatin Ooma da na magicJack a Amurka haka suke, kuma ba laifi ba ne ga wanda ya san abin da ya saya: saitinsu ba wuya, kuɗin wata ko na shekara kaɗan ne. Matsalar tana ga kayan gwanjo. Sau da yawa adaftar da ake sayarwa da arha ta fito ne daga wani kamfanin waje da ya kulle ta, ko an mayar da ita saitin masana'anta sai ta sake neman uwar ɗakinta. In mai shago ba zai bari ka shiga shafin saitinta a gabansa ba, ka bar masa kayansa.

Akwai kuma wata hanya da ake yawan mantawa da ita, alhali ga mazaunin Zariya ko Damagaram wanda duk kiransa na cikin gida ne, ta fi komai dacewa. Wasu rautocin 4G masu ɗaukar sim, kamar Huawei B315, suna da 'yar ƙofar jona wayar tebur a bayansu. Kiran yana fita ne ta layin sim ɗin, da farashin da ka saba, ba rajista da kowa a waje, ba biya da dala. Sai dai a gwada kafin a biya, domin wasu kamfanoni suna kashe wannan ƙofa a rautar da suke sayarwa, kuma sim ɗin data zalla ba ya kira.

Sai batun wuta. Tsohuwar wayar tangaraho daga ofishin waya take samun wutarta ta cikin igiya, shi ya sa ko an ɗauke lantarki tana aiki. Ta intanet ba haka take ba: rauta na son wuta, adafta na so, gindin marar igiya ma na so, ɗaya ya mutu duka sun mutu. A Birtaniya, inda ɗauke wuta abin labari ne, hukumar Ofcom ta wajabta wa kamfanoni su samar wa masu dogaro da layin gida hanyar kiran gaggawa ta aƙalla awa ɗaya bayan wuta ta tafi. To ina ga mu da NEPA? Duk wanda ba shi da sola ko inbata, ya sa kuɗin ƙaramin batirin rauta mai bolt 12 a cikin lissafinsa tun farko. Na'urorin ba su da ci, batiri madaidaici zai riƙe su sa'o'i.

Mutane kan ɗauka sai da intanet mai gudun tsiya ake kira mai kyau. Ba haka ba ne. Kira ɗaya, ko da tsarin murya mafi cin data da aka saba da shi, G.711, bai kai kilobit 100 a daƙiƙa ba ta kowane ɓangare, wato ƙasa da megabait ɗaya da rabi a minti. Abin da murya ba ta jurewa shi ne jinkiri da tangal-tangal. Hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta ba da shawarar kada jinkirin tafiyar murya ya wuce kashi 150 cikin dubu na daƙiƙa. Da ya zarce haka sosai, sai ka ji kuna cin karo da juna a magana, kowa na cewa "ina ji, ci gaba". Wannan ne ya sa kira ta tsofaffin taurarin ɗan'adam, masu nisan kusan kilomita 36,000, yake da gajiyarwa, amma Starlink, da ya fara aiki a Najeriya a farkon 2023 kuma taurarinsa ke shawagi a wajen kilomita 550, ba shi da wannan aibi. A gida kuma, babban maƙiyin kira shi ne yara masu kallon bidiyo a kan rauta ɗaya. A jona adafta da igiya maimakon wayifai, in kuma rautar na da saitin fifita murya, a kunna shi. Idan kana jin mutum shi ba ya jin ka, leƙa saitin rauta ka kashe wani abu mai suna SIP ALG. Sau da yawa shi ne mai laifin.

Wajen kwatanta kamfanoni, kada babban rubutun talla ya ɗauke maka hankali. Ɗauki takarda ka rubuta ƙasashe uku ko huɗu da ka fi kira, sannan ka nemo farashin kowacce a jadawalin kamfanin, kana lura da cewa farashin kiran salula daban yake da na layin ƙasa. "Kira ba iyaka" na kamfanonin Amurka, har da Google Voice da ke kyauta, yawanci Amurka da Kanada yake nufi. Najeriya da Nijar ana biyansu ne minti-minti, kuma kiran Nijar galibi ya fi na Najeriya tsada nesa ba kusa ba. Mai iyali a Katsina da Maraɗi zai iya tarar da cewa kamfanin da ya fi araha a wannan shi ya fi tsada a wancan. Da buɗaɗɗiyar adafta mai ƙofa biyu, ba abin da zai hana shi riƙe kamfanoni biyu.

Sannan a duba yadda ake ƙirga lokacin. Wani kamfani daƙiƙa-daƙiƙa yake caji, wani kuma da ka wuce minti ɗaya da daƙiƙa biyu ya rubuta maka minti biyu. Wani yana cire kuɗin haɗa kira da zarar an ɗauka, ko da "wa alaikumus salam" kawai aka ce layi ya yanke. Ga mai gajerun kira da yawa, wannan ya fi farashin minti tasiri a aljihu. A tambaya kuma ko kuɗin da aka zuba yana ƙonewa in an daɗe ba a kira ba, da ko akwai haraji da wasu 'yan kuɗaɗen da ake ɗorawa a ƙarshen wata, abin da ya zama ruwan dare a Amurka.

Farashin da ya yi arha fiye da kima shi ma abin tuhuma ne. Tun watan Satumban 2022 hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, ta ƙayyade santi 10 na dala a kowane minti a matsayin kuɗin shigo da kiran waje cikin layukan Najeriya. Wanda ya ce zai kai ka lambar MTN a kan santi biyu, ko dai talla ce ta 'yan kwanaki, ko kuma ta ɓarauniyar hanya yake bi. Masu wannan sana'a suna tara ɗaruruwan sim a cikin akwati ɗaya, su sauke kiran waje ta intanet, su sake buga shi kamar daga cikin gari ya fito. Shi ya sa wani lokaci ɗan'uwa zai kira daga Jidda amma a ga baƙuwar lambar 080 a allo. NCC ta hukunta wasu kamfanoni a kan ɓoye lambar kira a 2018. Kai mai kira abin da za ka gani shi ne murya kamar daga cikin rijiya, kira mai yankewa, da tsohuwar da ta ƙi ɗauka saboda ba ta san lambar ba. Araha ba ta ado.

Game da lambar da za a ba ka, tambayi abu biyu. Na farko, in ka tashi barin kamfanin, za ka iya tafiya da ita? A Amurka da Birtaniya ana iya ƙaura da lamba, amma wasu kamfanoni na karɓar kuɗi kafin su sake ta. Na biyu, kada ka ɗora asusun bankinka a kanta ba tare da gwaji ba. Bankuna da manhajoji da yawa ba sa tura lambar tabbatarwa zuwa layin intanet.

Kiran gaggawa ma ba a ɗaukarsa da wasa. Wayar intanet ba ta san inda take ba. Adaftar da aka yi wa rajista a Shikago, ko an kawo ta Sakkwato, a wurin kamfanin tana Shikago. Tun 2005 hukumar FCC ta tilasta wa kamfanonin Amurka haɗa abokan cinikinsu da 911, amma adireshin da ka rubuta musu shi ake bi, don haka in ka sauya gida sai ka sabunta. A Najeriya kuwa, layin wani kamfanin waje ba zai kai ka 112 ba. Salula mai caji ta zauna a gidan ko da yaushe.

Ranar da aka kafa na'ura, a canza kalmar sirrin da ta zo da ita, wadda a yawancin tsofaffin samfura "admin" ce kawai. Akwai ɓarayin da aikinsu ke nan dare da rana, laluben na'urorin da aka bari a sake, su buga kira zuwa lambobi masu tsadar gaske a ƙasashen da ba ka taɓa jin sunansu ba. A kashe tsarin cire kuɗi kai-tsaye daga katin banki, a toshe kiran duk ƙasar da ba ka da kowa a cikinta. Kuma kada a biya kuɗin shekara tun a karon farko. Zuba mafi ƙarancin abin da kamfanin ke karɓa, ka kira mutanen da domin su ka sayi wayar, a lokacin da layi ya fi cunkoso, wato tsakanin magariba da ƙarfe goma na dare da kuma ranar Juma'a bayan masallaci. Ka tambaye su lambar da ta fito a allonsu, da ko muryarka na isowa a kan kari, sannan ka sa su ma su kira ka bayan wayar ta yi awanni a ajiye, domin a kan intanet na sim wasu adaftoci suna iya fitar da kira lafiya lau amma su kasa yin ƙara idan an neme su.