Abin da ya kamata a sani kafin sauya murfin maɓallan kibod

Masu shagunan buga takardu daga Mararaban Rido zuwa Kafanchan sun san yadda haruffa ke gogewa a kan kibod idan ya daɗe yana aiki, ga kuma ƙurar hunturu da ke sa maɓallai maƙalewa. Mai kibod na roba galibi sai dai ya sayi sabo. Shi kuwa kibod mai makunni, wanda ake kira makanikal, ana iya cire murfin kowane maɓalli a sa wani, muddin sun dace da juna.

A ƙarƙashin kowane murfi akwai makunni mai zaman kansa, ɗauke da sifirin da ƙarafa biyu da ke haɗuwa idan an danna. Samfurin da ya fi yaɗuwa shi ne MX, wanda kamfanin Cherry ya fara ƙerawa a Jamus a farkon shekarun 1980. Launin karan da ke tsakiyarsa ne ke nuna halinsa: ja yana sauka sumul, ruwan kasa yana ɗan turjewa, shuɗi kuma yana ƙara.

Kan wannan kara yana da siffar alamar tarawa (+), kuma a nan murfin ke zama. Bayan ƙarewar haƙƙin mallakar ƙirar, kamfanonin Sin irin su Gateron, Kailh da Outemu sun bi wannan siffa, shi ya sa murfi ɗaya ke hawa kansu duka. Amma makunnin Alps da na Topre suna da kai daban, don haka murfin MX ba ya shiga.

Girma ma abin dubawa ne. Tazarar maɓallan haruffa milimita 19.05 ce, dogon maɓallin tazara kuma yawanci ya ninka hakan sau 6.25, sai dai wasu kamfanoni kan saɓa. Haka nan tsarin Amurka mai maɓallai 104 yana da Enter a kwance, yayin da na Turai mai 105 ke da shi a tsaye. Murfin robar ABS kan yi sheƙi da sauri, na PBT ya fi jure gumi da guga.

Ga mai rubutun Hausa, sa murfi mai ɓ, ɗ ko ƙ ba ya sa kwamfuta ta fitar da harafin. Manhaja ce ke fassara kowane danni, saboda haka sai an zaɓi tsarin kibod na Hausa, wanda Windows ke da shi, sannan a jera murafen yadda suka dace da shi.

Kafin a biya kuɗi, a cire murfi ɗaya a duba siffar karan, a auna maɓallin tazara, sannan a kalli Enter.