Jego Ba Ci Ba Sha: Yadda Nonon Sil Ke Ƙara Kauri

A tsibirin Sable da ke gaɓar Nova Scotia ta ƙasar Kanada, daga Disamba zuwa Janairu, dubban sil masu ruwan toka ke fitowa kan rairayi su haihu. Sil dabbar teku ce mai shayarwa. Wanda ya san ayu zai iya kwatanta fasalinta, sai dai ita kifi take ci, kuma a tudu ko kan ƙanƙara take haihuwa. Mu da muka saba ganin ana ɗura wa maijego kunun kanwa da gasasshen nama, jegon mai ruwan toka zai ɗaure mana kai: kwana 16 zuwa 18 tana shayarwa, ba ci ba sha.

Duk da haka nonon ƙara kauri yake yi. Ranar haihuwa maiƙonsa wajen kashi 40 cikin 100 ne, kafin a raba jegon biyu ya doshi kashi 60, alhali na saniya wajen kashi 4 ne kawai. A Año Nuevo ta Kalifoniya, inda sil mai hancin giwa ke shayarwa na mako huɗu, sauyin ya fi fitowa fili: maiƙo kan tashi daga kusan kashi 15 zuwa 55, ruwa ya sauka daga 75 zuwa 35. Furotin kuwa ba ya wani motsi.

Dalilin da aka fi kawowa shi ne tattalin ruwa. Uwar da ba ta sha, duk ɗigon da ya fita ta nono daga jikinta aka yanko shi. Shi ya sa ma sukarin nono ɗan taɓe ne a nata, domin shi ke jawo ruwa cikin nono, kuma mai azumi ba ta samunsa da yawa sai ta narka tsokarta. Kitse kuwa ga shi jibge ƙarƙashin fata. Sinadarin da ke zuƙo shi daga jini zuwa hantsa yakan ɗauki 'yan kwanaki kafin ya kankama, wannan na cikin abin da ke sa nonon farko ya fi tsinkewa.

Ni dai ina ganin ƙurewar lokaci ta fi ƙishirwa tasiri. Dubi sil mai hula, wadda ke haihuwa a kan ƙanƙarar da ke yawo a tekun Newfoundland, ƙanƙarar da ka iya tsagewa kowane dare. Kwana huɗu kacal take shayarwa, babu dabba mai shayarwa da ta kai ta gajeren jego, kuma nononta tun ranar farko maiƙonsa ya haura rabi. Ba ta da sararin farawa a hankali. Ɗanta na ƙara kilo 7 a yini.

A Sable ɗa kan ƙara kamar kilo 2 kullum, ya ninka nauyinsa sau uku, akasari kitse, har ya koma kamar salka cike taf. Uwa kuma ta zubar da wajen sulusin nauyinta, ƙugu ya fito. Yaye ba lallashi: rana ɗaya ta faɗa ruwa, shi ke nan. Ɗan ya zauna makonni yana zubar da farin gashinsa, yana cin kitsen nan, bai ko iya kamun kifi ba. Wanda aka yaye da ƙiba ya fi samun damar ganin baɗi, wanda aka bari a rame kuwa sau da yawa guzurinsa kan ƙare kafin ya koyi farauta.