Allon Ɗakin Tiyata Da Aikin Likitan Sa Barci

Mai karatu, idan aka shiga da mutum ɗakin tiyata, hankalin 'yan'uwa yakan tafi kan likitan da ke riƙe da wuƙa. Ni kuwa a ganina, nauyin rai ya fi rataya a wuyan likitan sa barci, wanda ke zaune ta wajen kan majinyaci. Shi kam gaba kura ce baya sayaki: in magani ya yi yawa, jini ya yi ƙasa, numfashi ya tsaya, in ya yi kaɗan, mutum ya farka ana cikin yanka shi, ga shi an ba shi maganin sakin tsoka, ba halin motsi balle ihu. Wani babban bincike da aka wallafa a Birtaniya a 2014 ya nuna ana samun rahoton irin wannan farkawa kusan sau 1 cikin 19,000, a tiyatar haihuwa kuwa kusan 1 cikin 670.

Tun 1846 da William Morton ya gwada sa barci a bainar jama'a a birnin Boston na Amurka, likitoci sun daɗe suna dogara da bugun zuciya, ƙwayar ido, gumi da hawaye. Maganin shaƙa ya zo da sauƙi, domin na'ura tana auna shi a numfashin da mutum ke fitarwa. Amma maganin jijiya irin su propofol, wanda ya shiga kasuwa a 1986, ba a saba auna yawansa cikin jini nan take ba. Saboda haka aka koma ga lissafi: a ba kwamfuta shekarun mutum da nauyinsa, wani tsarin har da tsayi da jinsi, ita kuma ta ƙiyasta. A 1996 aka fito da Diprifusor, famfon allura da likita ke gaya wa matakin da yake so. Daga baya aka samu alluna irin su SmartPilot View na kamfanin Dräger, masu zana yadda maganin barci da na kashe zafi ke ƙarfafa juna, da inda za su kai nan da 'yan mintoci.

Wannan ya sauya aikin ƙwarai. Likita yakan ga magani zai yi ƙasa tun kafin majinyaci ya motsa, ya ƙara kafin a tsaga fata, ya rage da wuri don mutum ya farfaɗo ana gama ɗinki. Wani gwaji da aka yi a Jami'ar Utah ta hanyar kwaikwayon tiyata a kwamfuta, aka buga a 2002, ya nuna masu kallon allon sun fi riƙe magani kusa da inda ake so.

To amma fa, lambar da ke kan allon ƙiyasi ce. Tsarin Schnider na 1998, alal misali, daga jikin mutum 24 masu lafiya aka gina shi. Wanda ya zubar da jini da yawa, ko mai ciwon hanta, ba lallai jikinsa ya bi wannan lissafi ba. Hatta na'urar BIS mai sauraron ƙwaƙwalwa, wadda ake so lambarta ta tsaya tsakanin 40 da 60, ba ta kashe bakin magana ba: binciken 2004 da aka jagoranta daga Ostireliya ya samu farkawa 2 a masu na'urar da 11 a marasa ita, amma na Amurka a 2008 bai ga ta fi auna maganin shaƙa ba. Bugu da ƙari, ketamin, wanda asibitocinmu da dama suka dogara da shi, yana rikita lambarta.

Don haka kirana ga masu sayen kayan asibiti shi ne su fara da na'urar auna iskar jini ta ɗan yatsa, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cikin sharuɗɗan tiyata a 2008, sannan su horar da ma'aikatan da za su san lokacin da ya kamata a ɗauke ido daga allo a duba majinyaci.