Gudan Jini A Cikin Huhu

Jama'a, mun san in mutum ya yanke, jini ya kan daskare ya toshe raunin. Wannan alheri ne. Amma wani lokaci jini ya kan daskare a can cikin jijiyar ƙafa, inda ba rauni. In gudan nan ya ɓalle, sai ya bi jini ya ratsa zuciya, ya je ya toshe hanyar jini a huhu. Kamar dai yadda ɓuntun ƙasa ya kan toshe hanyar ruwa a lambu.

Wa ya fi shiga hatsari? Mai ciki, da maijego kafin ta yi arba'in. Sai mai karaya, da wanda aka yi wa aiki a asibiti, da wanda ya daɗe a kwance, da wanda ya wuni zaune cikin mota bai miƙe ƙafa ba.

Sau da yawa ƙafa ɗaya ce ke fara kumbura, sha-raɓa ta yi zafi. Ƙafa ɗaya fa muka ce, ba biyu ba. Sa'an nan farat ɗaya sai haki, ƙirji ya riƙa suka in an ja numfashi, zuciya na bugawa da sauri. Wani ya yi tarin jini, wani ya suma.

To, kada mu murza ƙafar nan, kada mu kira wanzami ya yi ƙaho. Kada kuma mu ce sai gari ya waye. A nemi mota, a kai shi babban asibiti.

Cutar nan tana da wuyar ganewa, gama ta kan yi kama da fuka ko ciwon haƙarƙari. Don haka mu ne za mu taimaki likita. Mu gaya masa cewa an haihu kwana goma da suka wuce, ko an yi karaya, ko ƙafa ta kumbura. Shi kuwa zai ƙirga bugun zuciya, ya ga ko ya wuce 100 a minti ɗaya. Zai maƙala wani ɗan ma'auni a yatsa, ya ɗibi jini, ya haska jijiyar ƙafa da na'ura. Hoton ƙirji na yau da kullum ba ya nuna gudan, sai babban hoto da a ke kira siti-sikan.

Akwai magani kuwa. A 1960, likitocin birnin Bristol na Ingila suka bayyana sakamakon gwajin da suka yi wa maganin hana jini daskarewa. Cikin mutum 19 da ba a ba su ba, gudan jini ya kashe 5. Cikin 16 da aka ba, bai kashe ko ɗaya ba.

A kan fara da allura ko ƙwaya, a ci gaba da shan ƙwaya wata 3 ko fiye. Ko mutum ya ji sauƙi, kada ya daina sha sai likita ya ce.