Wayar da Ta Haɗa Kwamfuta da Talabijin, Ta Sauya Kallo a Zakirai

Bayan sallar isha'i, wanda ya ratsa Zakirai, hedikwatar ƙaramar hukumar Gabasawa, ko ƙauyukan da ke kewaye da ita a tsakiyar gonakin gero da dawa da gyaɗa, zai hango haske yana fitowa daga rumfar langa-langa, matasa sun cika benci. Gidan kallo ba baƙon abu ba ne a karkarar Kano. Abin da ya sauya shi ne kayan da ke kan tebur. Inda a da ake ajiye na'urar bidiyo da tarin faya-fayai, yanzu sau da yawa ƙaramar kwamfuta ce ta hannu, da baƙar waya mai tsawon kamu uku ko huɗu da ta tashi daga cikinta ta shige bayan talabijin.

Sunan wayar HDMI. Ta fito kasuwa tun 2003, kuma fifikonta a kan tsohuwar VGA mai shuɗin kai, wadda kamfanin IBM ya fitar a 1987, shi ne tana ɗaukar hoto da sauti tare. VGA hoto kawai take kaiwa, sai an nemo wata wayar daban an haɗa da sifika. Da HDMI kuwa, a soka nan, a soka can, a danna rimot a zaɓi mashigar da aka sa ta, shi ke nan. Ba a buƙatar injiniya, yaron shago ma yana koyo a dare ɗaya. Wannan sauƙin ne ya sa abin ya bazu ba tare da wani kamfani ya yi masa talla ba.

Amma sauƙi kaɗai ba ya sa mutum ya bar abin da ya saba. Tsada ce ta tura masu gidajen kallo. A ranar 29 ga Mayu, 2023 aka cire tallafin man fetur. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta zarce 1,000. Mai janareta ya ji a jikinsa. Kuɗin dikoda ma bai tsaya ba: a Maris 2025 kamfanin MultiChoice ya ɗaga tsarin Compact na DStv daga naira 15,700 zuwa 19,000 a wata, Premium kuma daga 37,000 zuwa 44,500. Dikoda ba ruwanta da damina, lokacin da samari ke dawowa daga gona a gajiye, aljihu ba komai sai an jira kaka. Ko an cika benci ko ba a cika ba, wata na ƙarewa sai an biya.

Kwamfuta ba ta da wannan halin. Sau ɗaya ake sayenta, galibi 'yar gwanjo daga shagunan titin Beirut ko kasuwar Farm Centre a cikin birnin Kano, wani lokaci ɗan cin rani ne zai dawo da ita tsaraba. Tana da batirinta, saboda haka ɗauke wuta ba ya kashe ta nan take. Ita da talabijin mai shafaffen gilashi ba su da cin wuta kamar tsohon akwatin nan mai ƙaton ƙeya, har faifan sola ɗaya ko biyu da batir mai kyau kan riƙe su tsawon hirar dare.

Sai kuma abin da ya faru da Kannywood kanta. Masana'antar da ta fara da Turmin Danya a 1990 ta rayu shekaru a kan kaset da faifan CD, 'yan kasuwar Ƙofar Wambai suna saye suna rarrabawa har ƙauye. Satar fasaha da masu tura fim a memori suka durƙusar da wannan kasuwa, masu shirya fim suka koma YouTube da tashoshi irin Arewa24. Izzar So na Lawan Ahmad da Labarina na Aminu Saira, da fina-finan Indiya da ake fassarawa da Hausa, duk sun zama fayil, ba faifai ba. Fayil kuwa kwamfuta ce gidansa.

A nan ne lamarin ya fi damun mai nazari. YouTube yana biyan mai fim ne gwargwadon yawan kallon da aka yi a shafinsa. Idan mutum ɗaya ya sauke kashi guda a Kano, ya zuba a filas, ya hau mota ya kawo Zakirai, mutum hamsin suka kalla a talabijin, washegari aka tura wa wasu ɗari a waya, lissafin kamfanin kallo ɗaya ya gani. Mutanen karkara suna cikin masoyan Kannywood na haƙiƙa, sun san 'yan wasa da sunayensu, amma kuɗin da suke biya yana tsayawa ne a hannun mai rumfa. Ba a ce mai rumfa mugu ba ne. Shi ma abinci yake nema, kuma da kuɗin data ya tashi bayan hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a Janairu 2025, manomi ba zai iya kallon kowane kashi kai tsaye ba. Duk da haka, wanda ya zuba jari ya yi fim ɗin shi ne ya tashi a tutar babu.

Kwamfutar tana aiki biyu. Da dare ta maza ce a gidan kallo. Da rana ita ce rumbun da yara ke kawo wayoyin iyayensu mata da yayyensu a zuba musu fim ko karatun malamai, su kalla a cikin gida.

Ikon zaɓar abin da za a kalla ma ya koma hannu ɗaya. Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, ta dakatar da fina-finai masu dogon zango guda 22 a Mayu 2025, har da Labarina da Daɗin Kowa, bisa zargin ba su bi ƙa'idar tantancewa ba. Umarni irin wannan yana kama tasha da furodusa. Ba ya isa cikin kwamfutar da ke ƙauye, inda abin da yaro ɗan shekara goma zai gani ya dogara ga tarbiyyar saurayin da ke riƙe da linzami. Iyaye suna da hujjar tambayar me ake haskawa.

A ƙwallo ne kawai dish bai sauka daga kujerarsa ba. Kallon wasa kai tsaye ta intanet yana buƙatar sabis mai ƙarfi, hoton kan tsaya, kuma yakan makara. Mai rediyo a waje zai yi ihun an ci kafin na cikin rumfa su ga an buga.

Wani amfani guda ya rage da ya kamata a ce an fi ba shi muhimmanci. Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, alhali ɗalibi a makarantar karkara kan iya gama sakandare hannunsa bai saba da linzami ba. Kwamfuta ɗaya ba ta isar aji, amma idan aka haɗa ta da talabijin, ɗalibai arba'in za su ga yadda ake shigar da lamba, a zaɓi amsa, a wuce tambaya ta gaba, sannan su fito ɗaya bayan ɗaya su gwada. Kayan suna nan a cikin gari, kuma daga safe har la'asar talabijin ɗin gidan kallo a kashe yake, benci babu kowa.