Tsakanin lalle da dayis: abin da ke shiga fatar amaren Potiskum

A Potiskum, kamar sauran garuruwan Yobe, ba a kai amarya ɗakin miji sai an yi mata ƙunshi. Sai dai ƙunshin da iyaye suka gada, na garin ganyen lalle da ake kwaɓawa a ɗaure ƙafa a kwana da shi, yana ja da baya. Baƙin zanen dayis ya karɓe fage, domin yana kamawa da wuri, kuma ya fi fitowa a hoto.

Sirrin lallen gargajiya wani sinadari ne da masana ke kira lawson, wanda bai wuce kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na busasshen ganye ba. Yana manne wa keratin, furotin ɗin da ke cikin farce da gashi da saman fata. Shi ya sa launin ya fi nuna a tafin hannu da dunduniya, inda fata ta fi kauri, kuma ba ya gushewa sai fatar ta sabunta, bayan mako 2 zuwa 3. Gwaje-gwajen ɗakin bincike sun nuna yana daƙile wasu ƙwayoyin cutar fata. Ashe tsofaffin da ke sa shi a ƙafa ba ado kaɗai suke nema ba.

Lalle kuwa ba ya yin baƙi. Yawanci baƙin dayis daga sinadarin PPD yake, wanda ake haɗa rinin gashi da shi, kuma hukumar FDA ta Amurka ba ta amince a shafa shi kai tsaye a fata ba. Illarsa ba ta gaggawa: ƙaiƙayi da ƙuraje masu ruwa kan ɓullo bayan kwana 4 zuwa 14, lokacin da biki ya watse, ƙawar amarya ta riga ta koma ofis a Abuja. Ƙurajen kan bi sawun zanen, wani lokaci su bar tabo. Wadda jikinta ya ƙi PPD sau ɗaya, da wuya ya sake karɓar rinin gashi.

Shi ma lalle na asali yana da iyaka. Ga jariri mai ƙarancin sinadarin G6PD, matsalar gado da ta yawaita a Najeriya, musamman ga maza, lawson na iya farfasa jajayen ƙwayoyin jini har ya jawo shawara mai tsanani. Likitoci a Kuwait da Turkiyya sun ba da rahoton jariran da aka kwantar a asibiti bayan an shafe musu jiki da lalle.